Farin Ɗaki a Shekarun Babu

Duk wanda ya kalli fim ɗin Top Hat na 1935 ya ga Fred Astaire da Ginger Rogers suna taka rawa a birnin Venice, amma ko ƙafa ba a saka a Italiya ba. Kafintocin kamfanin RKO ne suka kafa gadoji da magudanan ruwa a cikin sutudiyo a Hollywood, ƙarƙashin Van Nest Polglase. Ruwan ma rina shi aka yi baƙi ƙirin, don farin ginin ya fito fes.

Farin nan ba da arha aka same shi ba. A zamanin finafinan da ba magana, fitilun sutudiyo masu tsananin haske ne, farin bango kuwa sai ya kashe wa kyamara ido, shi ya sa ake shafa masa wani launi mai sanyi. Da sauti ya shigo a 1927, sai ƙugin fitilun ya dami makirufo, aka koma ga ƙwan lantarki mai laushin haske da sabon samfurin fim. Daga nan fari ya samu shiga: farar kujera, farin labule, matakala mai lanƙwasa, daɓe na sheƙi har mai rawa na ganin inuwarsa.

A kamfanin MGM kuwa, Cedric Gibbons ne uban tafiya wajen tsara wuraren ɗaukar fim daga 1924 zuwa 1956. Shi ya yayata salon Art Deco, mai miƙaƙƙun layuka da ƙyallin ƙarfe, wanda ya yi tashe bayan baje kolin Faris na 1925. Shi ya zana gunkin Oscar, kuma ya ci kyautar sau 11.

Abin da ke taɓa ni shi ne masu kallon. A 1933 kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Mutum ya baro gida da bashin haya a wuya, ya biya 'yan santocinsa, ya yi awa biyu a falon da ba ƙura ko ɗigo. Wasu na kiran wannan yaudara. Ni ina ganin sa hutu ne ga wanda duniya ta matsa wa.

Bayan bangon, katako ne da filasta kawai. A Disamba 1938, da ake son nuna gobarar Atlanta a fim ɗin Gone with the Wind, tsofaffin gine-ginen sutudiyo aka cinna wa wuta, har da ƙatuwar ƙofar fim ɗin King Kong.