Kafin Ki Kira Mai Gyara: In Bidiyo Ya Ƙi Fitowa Daga Kwamfuta Zuwa Talabijin

Yau gidaje da yawa suna da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma in za a kalli bidiyon biki ko darasin yara, an fi so a gan shi a babban talabijin na falo. Sai a jona waya, jama'a sun zauna, talabijin kuwa ya yi baƙi ƙirin. Nan take a ce ya lalace. Mafi yawan lokuta lafiyarsa lau, saiti ne bai daidaita ba, kuma ke da kanki za ki iya gyarawa.

Fara duba wayar da kika jona. In mai shuɗin kai ce mai ƙananan allurai 15, sunanta VGA, tsohuwa ce tun 1987, kuma hoto kaɗai take ɗauka. Ko kwana za ki yi kina ƙara murya ba za ki ji komai ba, sai kin haɗa da wayar sauti daban. HDMI kuwa, mai faffaɗan baki, tana ɗaukar hoto da sauti tare. In sabuwar kwamfuta ce mai ƙaramar kafar USB-C, ki sani ba kowace irin wannan kafar ke fitar da hoto ba, wata caji da kwafar fayil kawai take yi. Ki tambaya kafin ki sayi mahaɗi.

In waya ta zauna daram, ɗauki rimot ki danna maɓallin Source ko Input. Talabijin yakan zo da kafa biyu ko uku. In kin jona a HDMI 2 shi kuma yana kan HDMI 1, ba abin da zai nuna. Daga nan ki koma kan kwamfuta, ki danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu za su fito.

A nan nake so ki natsu. Duplicate yana nuna wa falo duk abin da ke fuskar kwamfutarki. Idan WhatsApp ɗinki na buɗe a kanta, saƙon maigida ko na ƙawarki zai iya faɗowa a gaban surukai da yara. Haka hotunan da ke cikin jakar da kika buɗe, har da na mata zalla da aka ɗauka ranar kamu. Ni na fi son Extend. Shi yana mai da talabijin allo na biyu: ki ja bidiyon da linzami zuwa can, sauran abubuwanki su tsaya a gabanki ke kaɗai. Da farko yakan rikita mutum, domin za ki ga talabijin babu komai sai hoton bango. Ba matsala ba ce, jira yake ki ja masa abin kallo.

Hoto ya fito amma murya daga kwamfuta take fita? Danna alamar lasifika da ke ƙasa ta dama kusa da agogo, ki zaɓi sunan talabijin ɗin.

Wani lokaci komai yana nunawa, bidiyon ne kaɗai yake ƙin buɗewa, ko a ji murya babu hoto. Wannan ya fi faruwa da bidiyon iPhone, domin tun 2017 wayoyin suke ɗauka da tsarin HEVC, wanda manhajar kallo ta Windows ba ta cika karantawa ba sai an ƙara mata wani abu na kuɗi. Ki sauke VLC, kyauta ce, tana buɗe shi. In kuma Netflix ne ya yi baƙi, akwai kariyar hana satar fim da ake kira HDCP, wadda VGA da wasu mahaɗai masu araha ba sa wucewa. Maganinsa HDMI kai tsaye.

Bidiyo mai tsinkewa yana tafiya da ƙyar, sau da yawa batir ne: kwamfuta takan rage ƙarfi don adana caji, sai ki jona caja ki rufe sauran manhajoji. In gefen hoto ya yanke, nemi saitin girman hoto a rimot. A LG ana kiransa Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit ko Fit to Screen. Kada ki rufe murfin kwamfutar ana cikin kallo, barci za ta yi, hoto ya ɗauke.

Sai batun wuta. Da yadda ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi, ga gidajen da wayarin ɗinsu ba shi da kyau, ya fi aminci ki kashe talabijin daga soket kafin ki jona ko ki cire HDMI, don kafar tana iya ƙonewa. In kin bi duk waɗannan bai yi ba, ari wata waya a maƙwabta ki gwada, ki kuma canza kafa. Sai waya biyu da kafa biyu sun ƙi, sannan a nemo mai gyara.