Daga Mubi zuwa ƙauyukan Turai: Shahidan da aka sassaƙa da dutse

Majami'ar Katolika ta St. Andrew da ke Mubi sunan shahidi take ɗauke da shi: Andarawus, almajirin Yesu, wanda Kiristoci suka ce a Girka aka gicciye shi. Mabiyanta na cikin dubban da suka tsere a Oktoban 2014, da Boko Haram ta mamaye garin.

Irin wannan firgici ne ya cika ƙauyukan Ostiriya da mutum-mutumin shahidai a ƙarni na 17 da na 18, zamanin salon sassaƙa na Barok. In annoba ta lafa, sai a kafa Sebastiyan, jikinsa duk kibau. Masu fargabar gobara kuwa Filoriyan suke sassaƙawa, sojan Rum da aka nutsar a kogi, riƙe da guga yana kwarara wa gida ruwa.