LANHO: KATI GUDA KO KOWA DA NASA?

A Baudeta, cikin gundumar Tasawa, jahar Maraɗi, da kaka ta yi an ɗaure dammuna, sai maganar lanho ta taso. Haka yake a garuruwan Mayahi. A nan ne magidanta da yawa suke tambaya: in ɗa ya yi aure, shi da matarsa su zauna cikin katin uba, ko su yanki nasu? Wanne ya fi sauƙi?

MENE NE WANNAN LANHO?

A da, talaka yana biyan kuɗin kai ga gwamnati, mai dabbobi kuma yana biyan jangali. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, an yafe waɗannan biyu. Abin da ya rage shi ne lanhon gunduma. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Baudeta tana cikinsu. Daga nan kuɗin ya zama na ƙaramar hukuma. Da irinsa ne ake gyaran rijiya, da ajin makaranta, da rumfunan kasuwa.

Mai gari ne yake tara kuɗin. Yana bin takardar ƙidaya. A cikinta an rubuta sunan kowane mai gida da mutanen da ke ƙarƙashinsa. Mace tana cikin katin mijinta. Yara ƙanana ba sa biya. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare da naƙasasshe, su ma ana ɗauke musu, in an bayyana halinsu ga masu ƙidaya.

GA LISSAFI

A ƙaddara kuɗin mutum guda dala 140 ne. A ƙaddara gida ne mai mutum 5 masu biya: mai gida, matansa 2, ɗansa, da matar ɗan.

Kati guda: 140 sau 5, dala 700 ke nan, wato jika 3 da rabi.

In ɗan ya ware: uba yana da mutum 3, dala 420. Ɗa yana da mutum 2, dala 280. In an haɗa 420 da 280, dala 700 ne dai.

Ashe kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Dalili shi ne, kawuna ake ƙirgawa. Ba a duban yawan hatsin da ke cikin rumbu.

TO, INA BAMBANCIN?

Bambancin yana wajen ɗaukar nauyi. Wanda sunansa ke saman kati, shi mai gari yake nema. In ɗa ya tafi ci-rani Nijeriya ko Agadas bai aiko da kome ba, uban ne zai biya masa, ya biya wa matarsa. Wani sai ya sayar da akuya ko damen gero a lokacin da hatsi ba ya da daraja.

Saboda haka ana duban yadda gidan yake zaune. In gandu guda ake nomawa, tukunya guda ake ci, kati guda ya fi dacewa, a fid da lanho daga amfanin gandu. In ɗa ya riga ya yi nasa rumbu, yana ciyar da iyalinsa da kansa, ya kamata ya yi nasa kati. Sau da yawa kuma, in an zo rabon iri ko taimakon abinci, gida-gida ake bi. Magidancin da ba a rubuta shi a matsayin mai gida ba yana iya rasa rabonsa.

Akwai kuskuren da ke cin kuɗin mutane a banza. Yarinya ta yi aure, an sa ta cikin katin miji, amma ba a cire ta daga na uba ba. Ke nan ana biya mata sau biyu. Haka in an rabu da mace, ko mutum ya rasu, sunan yana nan har sai an je an faɗa.

Mace mai sana'a kuwa, kamar mai ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, tikitin kasuwa nata ne daban. Biyan da miji ya yi bai ɗauke mata shi ba.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

A Amurka, bisa abin da mutum ya samu a shekara ake yanka masa haraji. Mai samu da yawa, kason da ake cire masa ya fi girma. Tun 1948 mata da miji suna iya haɗa samunsu a takarda guda, a lissafa kamar kowa ya samu rabi. In miji yana samu da yawa, matar kaɗan, haɗawa takan rage musu kuɗi. Amma in sun haɗa, bashin yana kan su biyun. In ɗaya ya ɓoye wani abu, hukuma tana iya kama ɗayan. Shi ya sa wasu suke rabawa. Mutane da yawa a can suna sa lambobinsu cikin kwamfuta, su gwada hanya biyun, su ga mai sauƙi. Kwamfuta ba ta san gaskiya ko ƙarya ba. Abin da aka ba ta, shi take lissafawa.

A Faransa, ma'aurata takarda guda suke cikawa, ana duban yawan ƴaƴansu. A Ingila, tun 1990 mace tana da nata lissafi daban da na miji. A Nijar, ma'aikaci mai albashi ana cire masa haraji daga albashinsa kowane wata, ana rage masa gwargwadon iyalin da yake ɗauke da su.

ABIN DA YA KAMATA MAI GIDA YA YI

Kafin lokacin biya, ya zauna da matansa da manyan ƴaƴansa su shirya wanda zai kawo me. Ya karanta katinsa suna bayan suna. In an yi aure, ko saki, ko rasuwa, ya sanar da mai gari da ofishin ƙaramar hukuma. In ya biya, ya karɓi takardar shaida, ya duba yawan kuɗin da shekarar da aka rubuta, ya adana ta wurin da gara da ruwa ba za su taɓa ta ba.

Malaman yaƙi da jahilci suna iya sa wannan lissafi a allo. Kowane ɗalibi ya zo da katin gidansu, ya ƙirga mutanensa, ya fid da jimilla da hannunsa.