Ɗaukewar jinin al'ada da lafiyar kakannin yaranmu

Ya ku uwaye mata, da ku ƴan rele na garuruwan Mallawa, ranar awo ku dubi matan da ke zaune bisa tabarma. Da dama daga cikin masu goyon yaran da tamowa ta kama kakanninsu ne. Su ke kawo jika awon damtse, su ke kwana a asibitin Magarya idan an kwantar da shi, kuma su ne na ƙarshe wajen sa hannu a ƙwarya. Takardar wannan karo tasu ce.

Galibin mata suna daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan an cika wata 12 a jere babu jini. Kafin nan mace na iya ɗaukar ciki. Dalilin ɗaukewar shi ne raguwar wani sinadari na jikin mace mai suna estirojin. Idan ya ragu, sai zafi ya riƙa tasowa daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe zane da dare, barci ya gagara, gaba ya bushe har kwanciyar aure ta zama wahala. Wata takan ɗauka masassara ce, ta yi ta shan maganin cizon sauro ba gwaji. Wata a ce mata iska ce. Sauyin shekaru ne, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya fitowa fili. Estirojin yana kare ƙashi, don haka a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada ƙashi kan yi saurin raguwa. Matar da ta haifi bakwai ko takwas, ta shayar da su, tana daka tana jan guga, faɗuwa ɗaya a bakin rijiya na iya karya mata ƙugu. Hawan jini da ciwon suga ma sukan ƙaru a wannan lokaci. Abincin da ke taimakon ƙashi yana nan gida: nono da kindirmo, miyar kuka, kwaɗon zogale, riɗi, wake, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu. Idan an dama fura, a zuba wa Inna nono kamar yadda ake zuba wa mai gida. A rage gishiri da dunƙulen magi a miya, a kuma auna jininta duk lokacin da ta raka jika likita.

Akwai maganin da ke mayar wa jiki wani kaso na sinadarin da ya ragu, na haɗiya ko na shafawa ko na mannawa a fata. Yana kwantar da zafin jiki da gumin dare, yana kare ƙashi, amma yana da sharuɗɗa. Macen da mahaifarta ke nan dole a haɗa mata shi da sinadari na biyu, domin estirojin shi kaɗai na iya jawo kansar mahaifa. A shekarar 2002 an dakatar da wani babban bincike a Amurka kan mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar kansar nono, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki ga masu shan maganin. Da aka sake nazari, sai aka lura yawancinsu sun haura shekara 60. A yau likitoci na ganin amfaninsa ya fi rinjaye ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, muddin alamun sun matsa mata. Ba a ba wadda ta taɓa kansar nono, daskarewar jini, shanyewar jiki ko ciwon hanta. Saboda haka lokotoro ne kaɗai zai rubuta shi bayan bincike. Kada ku saye shi a hannun masu tallan magani na kasuwa, balle ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda wasunsu ke ƙara cinye ƙashi su tada hawan jini.

Ƴan rele, ga maganar da za ku kai kowane gida. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko da ɗigo ne, ba haila ba ce. Uwayenmu sukan tambayi malam hukuncin sallarsu, su tsaya nan. Tambayar tana da kyau, sai dai jinin na iya zama alamar kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda ake iya magancewa idan an gano ta da wuri. Haka ma ƙullutu a nono, ko ruwa mai wari daga gaba. Ku raka ta wurin ungozomar CSI a cikin makon nan. Idan da bukata za a tura ta Magarya ko Damagaram. Tun da dattijuwa kan ji nauyin faɗa wa namiji ko ɗan cikinta irin wannan, a bar mace ta tambaye ta a keɓe.