Sabon Ɗalibi da Laccar da Ta Koma Cikin Waya

A Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, abin da sabon ɗalibi yake fara koya shi ne kamun kujera. Laccar ƙarfe takwas, amma tun kafin bakwai an cika ɗakin, musamman a kwasa-kwasan GST da ake haɗa ɗaliban sassa da dama. Wanda ya makara sai ya tsaya a bakin taga, in kuma lasifika ta ƙi aiki, motsin bakin malam kawai zai gani. Kafin zango ya yi nisa, da yawa sun gane cewa wakilin aji zai tura takardun darasi a dandalin WhatsApp, sai su rage zuwa.

Malamai kan ce lalaci ne. Akwai lalacin, amma ba shi ne babba ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isa ba, don haka yawancin sababbin ɗalibai, ko jambito kamar yadda tsofaffin ɗalibai ke tsokanarsu, daga gida ko gidan haya suke zuwa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Yaron da ke zaune a Hotoro, darasinsa kuma a sabuwar harabar Jami'ar Bayero kan titin Gwarzo, dole ya auna wace lacca ce ta kai a kashe mata kuɗin mota. Ga kuma tabon yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, kusan wata 9 a 2020, wata 8 a 2022. Aka matse zangunan karatu, aka ɗauki ɗalibai a kan ɗalibai, malami ya koma karanto abin da ke takarda cikin gaggawa. To me zai sa a zo?

Wayar ta yi rana, ba a musu, domin ta ceci marasa hali daga faɗuwa. Sai dai takarda ba ta amsa tambaya. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, bai taɓa yi wa malami magana ba. Ƙa'idar halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kuwa ta haifar da sa hannu a madadin aboki.

Asarar da ta fi damuna tana wajen aji. Bitar da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN da ƙungiyoyin sassa ke shiryawa, muhawara, wasannin tsangayoyi, yawanci da yamma ake yinsu, lokacin da ɗan jeka-ka-dawo yake neman motar gida. A nan ne ɗan Kano yake sabawa da ɗan Binuwai, a nan ake koyon tsayawa gaban jama'a. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 yana iya rage nauyin kuɗin mota, amma ba zai ƙara kujera ko ɗaya a ɗakin lacca ba.