Tsufa da Ƙwayar HIV: Abin da Bincike Ya Koya Mana

A da, in aka ce mutum yana ɗauke da ƙwayar HIV, sai mu fara shirin jana'iza. Yau wanda ya riƙe maganinsa yakan kai ga furfura. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya, kuma da yawansu sun fara manyanta.

Farfesa Amy Justice ta Jami'ar Yale a Amurka ta shafe fiye da shekara 20 tana bibiyar lafiyar dubban tsofaffin sojoji, masu ƙwayar da marasa ita. Aikinta ya nuna cewa in shekaru suka ja, ciwon hanta, ƙoda da zuciya sukan kwantar da mai ƙwayar ko da yana kan magani. Ya kuma nuna cewa giya ta fi yi masa illa, ko da bai sha da yawa ba.

Wannan ya shafi hidimarmu a Gusau, Tsafe da Bungudu. Ko inda ba a sayar da giya a fili, tiramol da kodin suna yawo, kuma duk abin da ke gusar da hankali yakan sa mutum ya tsallake magani.

Saboda haka, in mun je ziyara, kada mu ɗauka shaye-shaye na matasa ne kaɗai. Mu tambayi dattijo a keɓe, cikin ladabi, ko yana zuwa asibiti. Mu rufa masa asiri. Kada kuma mu ce wa kowa ya ajiye magani domin an yi masa addu'a.