Iyali Sun Ƙaru, Tirela Ta Yi Kaɗan: Me Motar Za Ta Iya Ja?



Duk wanda ya taɓa fita da iyalinsa daga Salaga zuwa Maulidin Prang, ko daga Yendi zuwa ɗaurin aure a Bawku, ya san cewa ba mutane ne wahalar tafiya ba, kayansu ne. Za a kwana uku ko huɗu a inda ba gidan kowa ba, saboda haka sai an ɗauki tanti da tabarmi da gidan sauro, da tukwane da gawayi, da shinkafa da ruwan sha, har da janareto idan akwai hali. Wannan ne ya sa wasu gidaje a zangonninmu suka koma ga 'yar tirelar nan mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya, irin wadda masu walda ke ƙerawa a Tamale ko a Suwame ta Kumasi.

Mu ma a gidanmu muna da guda. Ta yi mana shekaru tana aiki, har bana da aka yi wa ƙannenmu biyu aure, kaya suka fi ƙarfin cikinta. Yayanmu ya kawo shawarar a sayar da ita a ƙera babba, kuma mai waldar da ya tuntuɓa ya ce masa: "Alhaji, faɗi tsawon da kake so kawai, ƙarfe ba ya ƙarewa." Da aka kai maganar gaban mahaifinmu, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, sai ya yi shiru, can ya ce: "Na ji za ku ƙara girman mangala. To jakin fa, an ƙara masa ƙarfi ne?"

Ba mamaki mutumin Salaga ya yi irin wannan tambaya. Garin nan da fataucin goro ya tashi, kuma kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato watanni suke yi a hanya da jakuna. Falke bai ɗinka babbar waga don goro ya yi araha ba. Idan kaya suka ƙaru, jaki yake ƙarawa, domin ya san dabbar da aka danne a Salaga ba za ta ga Kwara ba, kuma madugu ba zai tsai da ayari saboda kwaɗayin mutum ɗaya ba. Har yau mai amalanken jaki a kasuwar Bawku yana da wannan ido. Mu da muka yi boko muka hau mota ne muka manta, don mota ba ta nishi, ba ta durƙusawa, sai ranar da za ta ƙi tsayawa.

Tambayar tsoho ta sa muka je muka duba abin da masu ƙera motar suka rubuta. Yawancin motocin da ake shigowa da su daga Turai suna da ɗan allon ƙarfe ko takarda a manne, a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta: mai da mutane da kaya. Ta biyu ita ce iyakar nauyin motar da tirelarta a haɗe. Ta uku da ta huɗu su ne abin da tayun gaba da na baya za su iya ɗauka. 'Yan'uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla, na Dapaong da Sinkase da Bittou, za su gane ta farko da sunan PTAC, ta biyu kuma PTRA. Idan aka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin nauyin tirelar da motar za ta iya ja tana cike. A tamu motar an rubuta kilo 2,100 da kilo 3,400, wato saura 1,300.

Yayanmu ya yi murna da ganin 1,300. Murnar ba ta daɗe ba, domin wannan adadi na tirela ce mai birkin kanta, wadda idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo ta daga baya, sai birkinta ya kama da kansa. Tirelar da aka ƙera a bakin hanya kuwa galibi ba ta da birki ko kaɗan; aksil ne na tsohuwar mota da taya biyu da akwatin ƙarfe a kai. A ƙa'idar Turai, wadda a kanta aka gwada waɗannan motoci, tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 da ita da kayanta. A Ingila ma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta idan motar ba kowa a ciki. Littafin ƙaramar mota sau da yawa yakan ba da adadin da bai kai 750 ba.

A nan ne lissafin ya juye mana. Mun kai tsohuwar tirelarmu sikeli babu komai a cikinta, ta ba da kilo 220, ke nan tana da damar ɗaukar 530 kafin a kai iyaka. Babbar da ake shirin ƙerawa, da muka sa mai walda ya ƙiyasta ƙarfen da zai ci, ta kama wajen 480 tun ba a sa mata ko tabarma ba. Abin da ya rage mata 270 ne kacal. Ma'ana, za mu biya kuɗi mu sayi tirelar da cikinta ya ninka na tamu, amma abin da za ta ɗauka cikin aminci rabin na tamu ne. Sauran damar duk ƙarfen jikinta ya cinye.

Sai muka zauna muka rubuta kayan tafiyar Prang ɗaya bayan ɗaya. Litar ruwa kilo guda ce, saboda haka jarka takwas masu lita 25 kilo 200 ne, abin da ba wanda ya taɓa kawowa a ransa. Buhun shinkafa 50, gawayi wajen 30, janareto 40, tanti biyu da sandunansu 70, tukwane da katifu da tabarmi 60. Jimla 450. Ƙaramar za ta ɗauka da sauran dama. Babbar kuwa an wuce iyakarta da 180. Ashe matsalarmu ba ta nauyi ba ce, ta wuri ce: katifu da tanti suna cin fili amma ba su da nauyi. Kuma mun san halinmu. Fili idan ya samu ba ya zama a banza. Maƙwabciya za ta kawo buhun doya a kai wa 'yarta a Yeji, wani zai kawo rago, kuma ba a cewa a'a a ƙofar gida.

Ita kanta motar tana da nata lissafin. Nauyinta ba kowa a ciki kilo 1,500 ne, saboda haka 600 ne ya rage mata. Manya biyar da yara biyu sun kai 400, jakunkuna a but 100. Sannan akwai nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wanda shi ma a kan motar ake lissafa shi; namu 75 ne. Saura 25, wato jarka ɗaya.

Wannan nauyi na wuya ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne mafi yawan masu lodi ke kuskure. Idan kaya suka taru a bayan aksil, wuyan tirela ya yi sauƙi, sai ta fara kaɗa gindi hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce, har ta ja bayan motar tare da ita. Idan kuma suka taru a gaba, bayan mota ya nutse, tayun gaba su yi sama-sama, sitiyari ya daina jin magana, fitilu su riƙa haska idon mai zuwa. Abin da ake so shi ne kaya masu nauyi su kwanta ƙasa a kan aksil da ɗan gabansa, kimanin kashi 60 cikin ɗari na nauyi a gaba, a ɗaure su tamau. A Turai ana ba da shawarar wuya ya ɗauki kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirela, a Amurka 10 zuwa 15, muddin bai wuce adadin da aka buga a jikin ƙugiyar ba. Auna shi ba wuya: sikelin da ake hawa a gida da guntun katako a ƙarƙashin wuyan sun isa. Idan kuma kaɗawar ta fara a hanya, ba a take birki da ƙarfi, ba a kokawa da sitiyari. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe hanya miƙe har ta lafa.

Hanyoyinmu ma ba su ne waɗanda aka gwada motocin a kansu ba. Mai fitowa daga Yendi ta Gushegu zuwa Bawku dole ya sauka gangaren Nakpanduri, kuma duk direban da ya san wurin yana ambatonsa da girmamawa. Mota mai jan tirela marar birki, birkinta ne kaɗai ke riƙe da nauyin biyu. Idan aka danne shi tun daga sama har ƙasa yakan yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake sauka da ƙaramar giya, inji ya taya birki aiki. A tuna kuma cewa idan gudu ya ninka, nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Mai zuwa Prang daga Salaga kuwa sai ya bi ta Makango ya shiga jirgin fito ya haye tafkin Volta zuwa Yeji. Hawa da sauka a bakin jirgi da doguwar tirela, a gangare mai santsi, wani lokaci da baya-baya, mutane na jira, ba aikin wanda ya fara ja jiya ba ne. Gargadar hanya tsakanin ƙauyuka kuma tana sassauta noti tana fasa walda, don haka muke ganin bai kamata a kusanci iyakar da aka rubuta ba ma, balle a kai ta. Ƙungiyoyin masu jan tirelar kwana a Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa, ko da tirelar na da birki, alhali kwaltarsu sumul take.

Taya ma tana da bakin magana. Lambar da ke bayan girmanta ita ce abin da za ta ɗauka: 91 na nufin kilo 615, 100 na nufin kilo 800. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 mako na 23 ne na shekarar 2019. Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, zama a rana ne ke tsattsage ta, sai a ga zanenta kamar sabo alhali ta mutu. A haɗa da sarƙar tsaro tsakanin tirela da mota, da fitilun baya masu aiki.

Wanda iyalinsa suka yi yawa ƙwarai, kuma yana da hali, ba mu ce kada ya sayi babba ba. Ya sayi mai birki, mai allon da ke nuna nauyinta, ya kai ta sikeli da kaya a ciki kafin ranar tafiya. Da mun sami irinta mai kilo 550, da kayanmu 450 mun tsaya a 1,000, ƙasa da iyakar motarmu. Kuɗinta ne ya fi ƙarfin aljihunmu a bana.

Abin da muka yi shi ne, mun mai da tsohuwar wurin mai walda ya ɗaga mata gefe da ragar ƙarfe marar nauyi, domin katifu da tanti su hau sama, tukwane da shinkafa su zauna ƙasa. Ruwa mun rage shi zuwa jarka uku, sauran a saya a Yeji. Ƙannenmu da amarensu kuma za su bi motar haya da jakunkunansu, mu haɗu a Makango. Yayanmu bai ji daɗin shawarar ba da farko, don ya riga ya ba mai walda kafin alƙalami, amma an juya kuɗin zuwa aikin ragar da sababbin tayu biyu.